Mai Butar da Muka Kora da Bakinmu

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba Mak Yiu-tong yake baro gida. Kafin ya sa takalmi ya riga ya juya matarsa daga kwanciyar hagu zuwa ta dama, ya sauya mata shimfiɗa, ya ajiye mata ruwa inda hannunta mai lafiya zai kai, don shekara shida ke nan da ɓarin jikinta ya shanye. Sai ya taka a ƙafa ta bayan kasuwar Sham Shui Po, lokacin masu kifi na fasa ƙanƙara, ya hau matakala ashirin da biyu zuwa gidan shayinmu. Shi ke fara kunna wutar tukunyar ruwa. Shi ke ɗibar ganyen shayi da yatsu uku yana jefawa a ƙananan butocin tangaran, ba awo ba duba. Ƙarfe shida a ɗage ƙofa, tsofaffin unguwa su fara hawowa suna haki, kowa da jaridarsa a hammata, su tarar da shi tsaye da babbar butar ƙarfe a hannun dama, tsumma a kafaɗa. Daga nan ba zai rabu da butar nan ba sai ƙarfe uku na rana, ya wanke hannu ya nufi gida da sauri, ya sake juya matarsa kafin kwanciya ta ci mata fata.

Shekara arba'in da ɗaya yana riƙe da butar nan. Ƙarshen watan jiya ya ajiye ta, kuma ba gajiya ya yi ba. Mu muka sa, mu da muka fi kowa shan ruwan hannunsa. Don haka in kun ji jinjinar nan da ɗaci kada ku yi mamaki. Bakin da ya yanke wa mutum abinci, ko kirari ya yi masa ba zai fito da zaƙi ba.

Yaya Tong muke ce masa, har waɗanda suka ba shi shekara goma sha biyar. Wanda ya gan shi karon farko ba zai so shi ba. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu saboda nauyin buta, fuskar nan kullum kamar an aiko masa da sammaci. Ba ya ajiye kofi, dangwarar da shi yake yi. Sannu da zuwansa kuwa ga irinta:

"Direba, ashe kana nan? Jiya da ban gan ka ba har na fara tambayar farashin furen makoki."

"In na mutu wa zai riƙa bar maka tukuici?"

"Dala biyun nan taka? Kwantar da hankalinka, na kusa haɗa kuɗin gida a kan Dutse, unguwar attajirai, da ita."

Ni ne Direban. Shekara talatin na yi ina jan ƙaramar bas mai jan rufi, da na ajiye kuma na kama tebur ɗaya a gidan shayin nan, yau shekara goma sha huɗu.

To amma kafin ka gama gyara zama shayinka na gabanka, kuma naka ne ba na wani ba. Ya san mai son baƙi mai kauri, ya san wadda likita ya hana mai ƙarfi, ya san wanda sai an zubar masa da ruwan farko. Kowa ya sani in butarka ta ƙare murfin kake ɗagawa ka jingina, mai ruwa ya hango ya zo. A teburan Yaya Tong mutum kan yi shekara bai taɓa murfi ba. Daga yadda ka karkata butar ya san abin da ya rage a ciki.

Tela Kwok, abokin zamana, hannunsa ya fara rawa shekara biyar da suka wuce. Mutum ne mai jin kansa, ya yi wa manya ɗinkin kwat a zamaninsa. Ranar da ya ɓarar da shayi a ƙirjin rigarsa a gaban jama'a, kwana tara bai hawo matakala ba. Da ya dawo, sai Yaya Tong ya zo da kansa ya ɗauki butarmu ya tsiyaya masa rabin kofi. Ya tsiyaya mini rabi. Sauran mutum biyun da ke teburin su ma rabi-rabi.

Na ce, "Yau kuma rowar ruwa ake yi?"

Ya ce, "Ruwa ya yi tsada. Wanda bai so ba, ga ƙofa."

Sai da na yi wata guda ina zaginsa a zuci kafin na lura cewa rabin kofi ba ya zuba ko hannu na rawa. Kwok bai taɓa sanin don shi aka yi ba. Yanzu in ya karanta zai sani, kuma na san zai yi kwana biyu bai yi mini magana ba.

Wannan kuma Anti Ngan mai wanke-wanke ce ta gani. Wata shekara da kasuwa ta faɗi, akwai wani mai kwat da jakar ofis da ke hawowa ƙarfe bakwai, ya nemi lungu, ya zauna da buta ɗaya har rana ta take. An sallame shi daga aiki ne, ya kasa faɗa wa matarsa, kullum sai ya shirya ya fito kamar mai tafiya ofis. Wata huɗu ana haka. Yaya Tong yana sauya masa ganye in ya salamce, bai taɓa ce masa uffan ba. Mai gidan na lokacin, tsoho Lui, ya gaji ya ce, "Wancan fa? Ya saye kujerar ne?"

"Jiran wani yake yi."

"Wata huɗu yana jira?"

"Wanda yake jiran daga nesa zai taho."

Daga baya mutumin ya sami aiki, ya yi mota, ya riƙa zuwa da iyalinsa ran Lahadi. Ba ya kallon Yaya Tong a ido. "Kai, mai ruwa!" yake cewa, in zai tashi ya bar 'yan tsaba. Ngan ta ce, "Yaya, abin nan ba ya yi maka zafi?" Ya ce, "Wanda ya ga tsiraicinka ai ba ka son haɗa ido da shi. Ƙyale bawan Allah ya ci abincinsa."

Kai ne, Yaya Tong, mai ganin abu ka yi kamar ba ka gani ba. Kai ne ka san wanda ƙishi ya kawo da wanda shirun ɗakinsa ya koro. Rijiyar bakin hanya, kowa ya sha ya wuce, ba mai tambayar wa ya haƙa.

Yanzu bari in zo kan laifinmu.

A da, abin da mutum ya bari a faranti bayan an kawo masa canji, wuri ɗaya ake zubawa, wani tsohon gwangwanin biskit a gefen mai karɓar kuɗi. Kashi goma cikin ɗari da ake ɗorawa a takardar kuɗin abinci na mai gida ne, wannan ba wanda bai sani ba. Gwangwanin ne na ma'aikata. Ran Asabar a juye a raba daidai wa daida: masu buta shida, matan da ke tura keken abinci, har Ngan da ke can baya hannunta a ruwa.

Cikin masu butan akwai Fai. Fai ba mugu ba ne, jikinsa ne ba ya son wahala. Kullum yana jingine da ginshiƙi, jaridar tseren dawaki a naɗe a aljihu, yana mafarkin dokin da zai fitar da shi daga talauci. In teburinsa ka faɗa, sai ka ɗaga murfi ka karance shafi biyu bai iso ba. Kuma ran Asabar rabonsa daidai da na Yaya Tong. Abin nan ya tsaya mini a maƙogwaro shekara da shekaru. A harkar bas, wanda ya fi zafin nama shi ya fi yin sawu, shi ya fi kai kuɗi gida. Ban taɓa ganin an ɗiba daga aljihun mai gudu an ba mai gyangyaɗi ba. Kullum ina faɗa, da ƙarfi ma nake faɗa don Fai ya ji: tukuici ladan hidima ne, wanda ya kyauta a ba shi, wanda ya yi kasala a hana shi ya ji a jikinsa. Kwok na gyaɗa kai. Teburan kusa na cewa, gaskiyarka Direba.

Sau ɗaya tak Yaya Tong ya tanka mini. Yana cika mana buta, bai ko kalle ni ba ya ce, "Kofin da kake sha da shi wa ya wanke?"

"Ngan mana."

"Ita da me za ka auna tata hidimar?"

"Wannan daban."

"Wanda ya ba ni yau don na faranta masa, gobe hana ni zai yi don ya hore ni. Ni ba biri ba ne da ake jefa wa gyaɗa in ya yi rawa. Sha shayinka, yana hucewa."

Na yi dariya, na ce girman kai ne irin na talaka.

Bara tsoho Lui ya kwanta ciwo, ɗansa ya karɓi gidan. Ba zan yi wa ƙaramin Lui ƙarya ba, mutum ne mai ladabi, kuma shi ma wuƙa ce a wuyansa. Mai ginin ya ƙara haya, dole a rage mai buta ɗaya cikin shida, shi kuma ba ya son a ce ya nuna wani da yatsa. Wata safiya ya zo teburinmu, ya zuba mana shayi da hannu biyu, ya ce, "Kawu Direba, ku ne iyayen gidan nan. Me kuke ganin za a gyara?" Kaina ya kumbura. Mutumin da ya yi karatu a ƙasar waje yana neman shawarata! Na zazzage masa duk abin da na daɗe ina faɗa, na ƙara gishiri. Yana ji yana rubutawa a wayarsa.

Sati biyu bayan nan aka ɗauke gwangwani. Aka maƙala wa kowane mai buta lamba a ƙirji, aka tsallake huɗu kamar yadda aka saba, don a nan ana camfa ta da mutuwa, Yaya Tong ya sami bakwai. In ka je biya, sai ka faɗi lambar wanda ya yi maka hidima da abin da ka ga ya cancanta, a shigar a na'ura, ƙarshen wata kowa ya ɗauki nasa. Bayan wata uku, wanda ya zo ƙarshe shi zai tafi. Ƙaramin Lui ya faɗa a gaban kowa: "Ba ni zan zaɓa ba, ku masu cin abinci ku za ku zaɓa." Har tafi muka yi. Na leƙa na ce wa Fai, "Sai ka fara haɗa komatsanka, ɗan'uwa."

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne mu ɗin su wane ne.

Mu ne mutanen baya, tebur takwas kusa da ƙofar kicin. Mu hawo ƙarfe shida, mu sa buta ɗaya da ɗan kwandon abinci biyu a gaba, mu kai ƙarfe goma muna gardamar doki da farashin magani, mu tashi mu bar dala biyu, mai ƙoƙari uku. A gaba kuwa, bakin taga, akwai 'yan ofis da masu iyali da baƙi masu ɗaukar hoton abinci kafin su ci. Rabin awa sun gama, su bar ashirin, su bar hamsin, wasu su zauna a kujerar tun ba ta huce ba.

Fai ya farka. Da idona na ga Fai yana sassarfa. Ya aske gemu, ya koyi sannu da zuwa da harshe uku, ya iya ja wa mata kujera, ya iya yi wa yara wasa da murfin buta. Jaridar doki ta ɓace daga aljihunsa. Kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: maganata ta yi aiki. Malalaci ya zama zaki. Sai dai zaki ya san inda nama yake. Sauran huɗun ma suka bi shi bakin taga, har ana ture-ture. A baya kuwa murafe suka miƙe a kan butoci, a yi minti goma ba wanda ya waiwayo. Ba ƙiyayya ba ce, kowa na da bakin da yake ciyarwa.

A rabon da, Yaya Tong na da tebur huɗu a baya, biyu a bakin taga. Kwana uku ya yi yana kallon murafen nan a tsaye. Rana ta huɗu ya bar wa wani na tagar, ya haɗa takwas ɗin baya duka ya riƙe shi kaɗai. Ba wanda ya roƙe shi. Ngan kuwa ba ta da lamba, don ba a ganin ta; wata guda ta daure, ta ga abin da take kaiwa gida ya ragu, ta koma wani wuri. Kofuna suka fara zuwa da maiƙo a baki.

Ƙarshen wata na farko aka manna takardar abin da kowace lamba ta samu a bayan ƙofar kicin. Ɗaya daga cikin matan keken abinci ta raɗa mana: lamba bakwai ce a ƙasa, kuma da nisa. Wata na biyu ma haka. Takarda dai ta nuna cewa a duk gidan nan babu wanda ya kai Mak Yiu-tong rashin iya hidima.

Kwok ne ya kawo dabara. Mu ashirin da uku ne masu zuwa kullum. Yawancinmu da ɗan kuɗin tsufa muke lallaɓawa, abin da mutum ya ware wa safiya shi ke nan, ba inda zai ƙaro. Tun da ba a iya ƙarawa, sai a rage. Ya ce kowa ya bar kwando ɗaya cikin biyun da ya saba ci, kuɗin kwandon, dala goma sha takwas, ya faɗe shi a kan lamba bakwai. Muka bi tebur-tebur muna raɗa kamar masu shirin juyin mulki.

Cikinmu akwai Inna So, shekararta tamanin da ɗaya. Kwalaye take tsinta a bakin kantuna, ta tura a amalanke ta kai wa masu awo. Curin naman sa da shinkafa a ganye, su ne nata kullum. Naman take ci a nan, shinkafar ta ci rabi, ta naɗe rabi a ganyen ta sa a jaka, shi ne na yamma. Na san haka, kowa ya sani. Na je na ce, "Inna, ke ban da ke."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Don ni ce matsiyaciyar ko? Lokacin da na fara shan shayi a gidan nan kai ko sitiyari ba ka san yadda ake riƙewa ba. Matsa ka ba ni wuri."

Ta bar shinkafar.

Kwana uku abin na tafiya. Muna ta murna, muna ƙifta wa juna ido. Yaya Tong na zuba ruwa bai ce komai ba, mu kuwa muka ɗauka bai gane ba. Mutumin da ke sanin ruwan da ya rage a buta daga karkatar hannu! Rana ta huɗu sai ga shi da babban faranti, kwanduna jere suna tururi. Ya bi teburan yana dangwarawa, kowa abin da ya bari, ba kuskure ko ɗaya: ni ƙafar kaza, Kwok burodin turara, Inna So shinkafarta a ganye.

Ta ce, "Ban ce a kawo ba."

"Ni ma ban ce kin ce ba. Ci."

"Ba ni da kuɗinsa."

"Kin biya tun shekaranjiya. Mantuwa kika yi, maimakon sunan abinci kika faɗa wa mai karɓar kuɗi lamba. Tsufa ne, Inna, ba laifinki ba ne."

Ashe tun da sassafe ya je ya tsaya a kan mai karɓar kuɗi, ya sa ta kwashe duk abin da muka tara daga kan lambarsa ta mayar kuɗin abinci.

Ƙarfe goma yakan ɗan zauna a matakalar baya ya huta. Can na same shi ya naɗe ƙafar wando, jijiyoyin ƙwaurinsa sun yi burɗin-burɗin, yana murzawa.

Na ce, "Yaya Tong, kanka ɗaya kuwa? Sati uku ya rage!"

"Na iya ƙirga."

"Matarka fa? A shekarunka wane aiki ne zai sake ka ƙarfe uku?"

Ya ci gaba da murza ƙwaurinsa. Can ya ce, "Ka kalli wuyan hannun Inna So kwanan nan? Jiya da za ta tashi sai da ta dafa tebur sau biyu. Kana so in zuba mata ruwan zafi a kan cikin da ba komai, in sa shinkafarta a aljihuna, in ce mata na gode? In na karɓi wannan, da wane hannu zan ba matata abinci?"

"To mayar da nata, ka bar na irinmu masu ɗan dama-dama."

"In na mayar da nata na riƙe naka, na yi wa gidan nan shelar wace ce matsiyaciya ke nan."

Na zauna a matakala kusa da shi. Na ce, "Ni na jawo maka wannan."

Ya sauke ƙafar wandonsa. "Kai ka cika ɗaukar kanka da girma, Direba. Haya ce ta jawo. Kai dai baki ka ara musu." Ya dafa bango ya miƙe. "Ba ni hanya, ruwa ya tafasa."

Wasu sun sake gwadawa. Duk wanda ya bar kwando, washegari ya gan shi a gabansa. Da muka ga ba ci gaba, mu huɗu muka taɓa abin da muka ajiye na jana'izarmu, muka ci abincinmu cif, sannan muka faɗi lamba bakwai. Wannan bai hana ba, ya ce wawa da kuɗinsa ba a shiga tsakaninsu. Amma duk abin da muka haɗa bai kai abin da taga ke bayarwa a Lahadi biyu ba.

Na je wurin ƙaramin Lui. Ban taɓa roƙon ɗan sanda a kan titi yadda na roƙi mutumin nan ba. Ya saurare ni har na gama, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kawu, a kafaɗarsa na girma, ka ɗauka ban san ko wane ne shi ba? Amma a gaban kowa na faɗi doka. In na karya ta saboda shi, wa zan kora? Fai? Mutumin da ya gyara halinsa, ga 'ya'ya biyu a makaranta? In ce masa ya yi duk abin da aka ce amma ba ya cikin waɗanda muke so?" Sannan ya ƙara da cewa a hankali, "Kuma Kawu, ai shawararka ce."

Garin gyaran gira an rasa ido. Na sauko matakalar nan ban san yadda na kai ƙasa ba.

Ranarsa ta ƙarshe ba a yi biki ba, shi ya hana. Ya zo a lokacinsa, ya zuba ruwa kamar kullum, ya zagi wanda ya saba zagi. Mu kuwa ba wanda ya tashi ƙarfe goma. Muka zauna har uku. Da ya zagayo da buta karo na ƙarshe, Inna So ta lanƙwasa yatsu biyu ta fara ƙwanƙwasa tebur, yadda ake godiya in an zuba maka shayi bakinka na cike. Kwok ya kama, da hannunsa mai rawa. Teburan baya takwas suka ɗauka gaba ɗaya, ba mai magana, sai ƙarar yatsu a kan katako. 'Yan bakin taga suka juyo, wani har ya ɗaga waya. Yaya Tong ya tsaya da butar a hannu. Ya ce, "Za ku fasa wa mutane tebur." Ya shige kicin, ya bi ta baya ya fita.

Yanzu gadi yake yi a wani wurin ajiye motoci, bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Sanda yake ɗagawa mota ta shiga, ya sauke. Masu motar ba sa ko sauke gilashi. Na je na same shi satin jiya, sanye da rigar da ta yi masa yawa. Wata maƙwabciya ce ke leƙa matarsa sau ɗaya da rana, in ta sami sarari. Fatar ƙugunta ta fara ja. Ya sa sunanta a layin gidan kula da marasa lafiya, an ce masa ya jira, kuma kowa ya san irin wannan jiran ba na watanni ba ne. Ya faɗa mini haka kamar mai faɗin farashin kabeji. A gidan shayi kuma an ajiye mana fulas a kowane teburin baya, kowa ya zuba wa kansa. Kwok ya ƙona hannu a kwana na biyu, bai sake hawowa ba.

An saba rufe irin wannan rubutu da cewa na baya su yi koyi da shi. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi sau uku. Da wane baki zan ce wa mai iyali ya bi hanyar da ta ɓulle rumfar gadi? Fai ne ya karanci zamani daidai, kuma ban ga laifinsa ba. Duk da haka zan faɗa, ko da murya ƙasa-ƙasa: masu buta, ko mutum ɗaya a gida ɗaya, a sami mai waiwayar teburan baya, don duk wanda ya yi tsawon rai can zai koma. Amma mu masu zama a kujera mu muka fi bukatar koyon. In za ka bar wani abu a faranti, ka bari don mutum ya tsaya a kanka da ƙafafunsa, ba don ka zama alƙalinsa na rabin awa ba. Idonka murmushi yake gani da sassarfa. Hidimar gaske ba ka sanin ana yi maka ita sai ranar da aka daina. Shekara goma sha huɗu ina cika baki cewa na iya auna aikin mutum, ashe aljihun masu zama kawai na sa aka auna.

Kai ne, Yaya Tong, wanda aka ba zaɓi tsakanin aikinsa da rabin shinkafar tsohuwa, ya zaɓa ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Ginshiƙin da ba a gani sai rufi ya rufto. Mun gode, ni da Kwok da Inna So da sauran ashirin ɗin. Na san godiyar nan ba ta shiga na'ura, kuma ba za ta je ta juya maka maras lafiya ƙarfe uku ba. Ita kaɗai ta rage a hannunmu, ita ma ta zo a makare.